Gyaran Anti Jan Biro

Masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. A shafin da ya wuce na tsaya maku a inda manya suka tsai da Asabar a matsayin ranar da dangin Almu za su kawo kayan sa rana gidanmu, kuka yi ta turo mani guɗa da hotunan furanni. Ku riƙe guɗar tukuna. Yau zan gaya maku abin da na aikata da yatsuna a cikin wannan satin, kuma ba na neman kowa ya wanke ni. Sunayen da za ku ji duk na aro ne, sannan wannan karon na nemi izinin waɗanda abin ya shafa kafin in rubuta.

Ga wadda aka turo wa wannan daga wani gurup ba ta san ni ba, sunana Saudatu, gidanmu na Kambarawa, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. Kafin Almu ya fito shekaruna ashirin da takwas, ƙannena mata biyu duk suna ɗakunansu, ɗaya har da goyo. Kun san abin da wannan ke nufi a gida. Mama ba ta taɓa yi mani gori ba, amma duk bikin da aka kawo mana alewarsa sai ta ajiye rabona a kan gadona ba tare da ta ce uffan ba, wannan kuwa ya fi gorin ciwo. Gwaggo Rabi, yayar Baba, ita ba ta da wannan kawaicin. In ta shigo ta gan ni da waya sai ta ce to, a ci gaba da latsawa, wata rana miji zai faɗo daga ciki. Da Almu ya fito, malamin dabbobi ɗan Ƙofar Kaura, mai sanyin magana, sai gidanmu ya zama kamar an yi ruwan farko. Ni ma ina sonsa, so na gaske, ba na wadda ta gaji da zaman gida ba.

Latse-latsen da Gwaggo ke faɗa kuwa rubutu ne. Akwai wani labari da ya yi tashe a WhatsApp shekarun baya, Inuwar Kurna, na wata marubuciya Zuwaira. Ta kai mu shafi na sittin, ta ɗaura auren Furera da Ashraf bayan mun sha wuya, sai ita ma ta yi aure, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. Mu da labarin ya shiga ranmu muka kasa haƙuri. Wasu suka fara ɗora nasu ci gaban, kowa na jan Furera inda ta ga dama. Ni ma na ɗora nawa, na koma baya na faɗaɗa wasu wuraren, ina sakin shafi ɗaya duk Alhamis a wani gurup da ya cika maƙil da mata, daga 'yan makaranta har masu jikoki.

A sati na uku wata lamba ta yi mani magana ta gefe. Ba hoto, ba suna, sai alamar jan biro. Ta yi sallama, ta yaba, sannan ta ce in ba zan ji haushi ba ta ga kurakurai goma sha ɗaya. Na ji haushin, amma da na duba ko ɗaya ba ta yi mani ƙage ba. Tun daga ranar muka tsara: in tura mata shafi ranar Talata, ta maido mani Laraba da safe, in saki Alhamis. Na sa mata Anti Jan Biro, ta amsa. Sau biyu ina tambayar sunanta, tana cewa mai gyara ba ta buƙatar suna.

Yadda take aikin ne ya sa na shaƙu da ita. Takan fara jero gyaran da lamba, ba wasa ba sakin fuska: inda na bar ƙugiyar harafi, inda na sa Furera ta ɗora sanwar rana sau biyu, inda na manta Ashraf ya sai da motarsa na sake ɗora shi a kanta. In ta gama sai ta ja layi, ta rubuta "Abin da na ji", to a nan ne take sakin jiki. Wata rana ta ce ta yi dariya har 'yarta ta leƙo tana tambayar lafiya. Wata rana ta ce ta ajiye wayar ta je ta yi alwala, don zuciyarta ta yi nauyi. Wallahi don waɗannan 'yan layukan nake rubutu, fiye da don matan gurup gaba ɗayansu. Shekara ɗaya da rabi muna haka.

Yanzu bari in koma kan Almu. Yana da wa guda ɗaya, Yaya Bala, wanda ya rasu kafin mu haɗu, a hatsarin mota kan hanyar Kankiya, lokacin yawon kamfen na zaɓen dubu biyu da sha biyar. Ya bar mata, Suwaiba, da 'ya ɗaya, Fiddausi. Bayan Suwaiba ta fita takaba ta koma gidan iyayenta a Gobarau, don haka ban taɓa ganinta ba, sunanta kawai nake ji a bakin Almu, kullum da girmamawa. Wata Juma'a da yamma ya zo zance, daga makabarta yake, idonsa jawur. Muna zaune a zaure ya ce akwai abin da ya danne masa ƙirji shekara uku, ko mahaifiyarsu bai gaya wa ba, amma zai gaya mani tunda ni zan zama rufin asirinsa. Shi aka miƙa wa kayan jikin mamacin a asibiti. A aljihun gaban rigar ya sami takarda a ninke, an yago ta daga littafin makarantar yarinya, a bayanta akwai zanen buta irin na 'yan aji ɗaya da makin malama. A cikinta Yaya Bala ya rubuta ya saki Suwaiba saki ɗaya, ya sa hannu, ya sa kwanan watan ranar.

Almu ya ce ya je wajen wani malami nesa da unguwarsu ya yi tambaya ba tare da kama suna ba. Malamin ya ce tunda saki ɗaya ne, kuma mutuwar ta riske ta cikin idda, to matarsa ce, takaba ta hau kanta, gado kuma haƙƙinta ne. Da ya ji ba haƙƙin kowa zai ci ba, sai ya kyasta ashana ya ƙone takardar. Da Suwaiba ta tambaye shi ko an sami wani abu a jikin mijinta, ya rantse mata makulli ne da carbi kawai.

"Amana ce na ba ki, Saudatu," in ji shi. "Daga ni sai ke sai Allah."

Na ce na ɗauka. Har kuka na taya shi.

To ku ji halin ɗan Adam. Wata biyar bayan nan kasuwata ta fara ja baya. Wata yarinya 'yar Funtuwa ta ɗora nata ci gaban, ta cika shi da aljanu da jiragen sama, mata suka kwashe suka koma can. In na saki shafi sai in ga mutum tara sun tanka, ni da a da sai na kashe ƙarar waya. Ina zaune ranar Litinin a ofishin malamai, yara sun fita tara, ina neman abin da zai girgiza gurup, sai takardar nan ta faɗo mani a rai. Na kore ta, ta dawo. Na ce wa kaina ai suna zan canza, gari zan canza, wa zai gane? Almu ba ya karanta labaran mata, shi da littafi sai na allurar shanu. Haka na kashe Ashraf a kan hanya, na sa ƙanensa ya laluba aljihu. Takardar littafin yarinya, zanen buta, makin malama, ashana, rantsuwa, ban rage komai ba, don abin da ya faru da gaske yana da wani ɗanɗano da ƙirƙira ba ta da shi. Abu ɗaya na ƙara na kaina. Na ga saki ɗaya ba zai sa mata su dafe ƙirji ba, sai na mai da shi uku.

Ranar Talata na tura wa Anti Jan Biro ina jin kaina kamar wadda ta ci gasa. A ranar ne ma tela ta aiko da ɗinkin da zan sa ranar Asabar, atamfa mai ruwan ganye da ɗigon zinare, riga da siket. Na gwada a tsakar gida, Mama ta ce wuyan ya yi faɗi, a mai da shi a ƙara masa leshi, dangin miji ne za su zo ba 'yan kallo ba. Na yi dariya na tuɓe.

Laraba da safe bakwai ta yi ba saƙo. Takwas ta yi, tara ta yi, ita da ba ta taɓa wuce bakwai da rabi ba. Sai wajen sha ɗaya, ina tsakiyar koyar da lissafi, wayar ta yi motsi a jaka. Na ba yara aiki, na juya masu baya na buɗe. Ga shi yadda ta turo, ban taɓa ko harafi ba:

"Salam Saudatu. Gyaran shafi na 74.
1. Kin rubuta kofa sau huɗu. Ƙofa ce.
2. Kin sa Furera ta shafa turare ranar uku. Mai takaba ba ta shafa turare.
3. A sama kin ce da azahar aka kai shi, a ƙasa kin ce bayan la'asar. Bayan la'asar ne.
4. Kin ce rigar fara ce. Ba fara ba ce, ruwan toka ce. Ni na goge ta da safen."

Ta ja layinta kamar kullum. A ƙarƙashi ta rubuta: "Abin da na ji ba zai rubutu ba. Gobarau, lungun bayan hasumiya, gida mai shuɗiyar ƙofa. Ki ce wajen Suwaiba kika zo."

Na karanta na huɗun sau uku kafin in gane, na zauna a kan bencin yara. Zan gaya maku gaskiya ko da za ta zubar da ni: abin da ya fara zuwa raina ba halin da matar nan ke ciki ba ne. Asabar ce ta fara zuwa raina, da atamfa mai ruwan ganye, da bakin Gwaggo Rabi. Sai daga baya kunya ta biyo, ta lulluɓe ni tun daga kai.

Na ce wa hedimasta kaina ke ciwo, na tare Keke Napep. Duk bangon da muka wuce an fara manna fastocin 'yan takarar zaɓe mai zuwa, kowa na murmushi, ni kuwa ina ta tsara ƙaryar da zan yi ina rushewa. Mai Keken ya sauke ni inda lungu ya fi ƙarfinsa, na ƙarasa da ƙafa, ina raɓa katangun ƙasa ina tsallake kwata, har na ga shuɗiyar ƙofar.

Wata tsohuwa da ke tankaɗe a tsakar gida ta nuna mani ɗaki da haɓa. Na yi sallama, aka amsa. Siririyar mace ce mai tabarau, hijabinta ruwan ƙasa ya sha wanki, ba za ta girme ni da shekara shida ba. Ɗakin leda ce a ƙasa da katifa ɗaya, sai tarin littattafan ɗalibai a jikin bango da gwangwanin madara cike da jajayen birai. Ashe malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata. Ta shimfiɗa mani darduma, ta kawo ruwa a kofin silba, ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ina wuni, ya Mama, ya Baba, ya yara a makaranta, har da ya shirye-shirye. Ina amsawa ina kallon leda. Da ma zagina ta yi da ya fi mani sauƙi.

Ita ta fara warware mani yadda aka yi. Ta ce lokacin da Almu ya fara nemana, ita ko hirar gida ba ta shiga kunnenta, sai ya ba ta lambata ya ce ga wata yarinya da yake so tana rubuce-rubuce, ta riƙa karantawa tana ɗebe kewa. Ta ce da farko so ta yi ta san ni kafin in san ta. Daga baya kuma sai ta ji daɗin samun wuri ɗaya a duniya da ba a kallonta a matsayin matar mamaci, inda ita mai gyara ce kawai, shi ya sa ta roƙi Almu kada ya gaya mani. Shi kansa bai san tana duba mani rubutu ba, ya ɗauka karatu kawai take yi.

Sai ta cire tabarau ta goge da bakin hijabi, ta tambaye ni inda na samo shafi na saba'in da huɗu.

Na ce ƙirƙira ce. Na ce dacewa ce kawai aka yi, irin waɗannan abubuwan suna faruwa a ko'ina, na ma taɓa jin makamancinsa a rediyo. Ina magana ina jin muryata kamar ta wata.

Ba ta musa mani ba. Ta miƙe ta buɗe akwatin ƙarfe, ta ɗauko wani tsohon littafin rubutu mai bangon takardar siminti, an rubuta Fiddausi Bala, aji ɗaya. Ta buɗe tsakiya ta ajiye a gabana. Ga ragowar takarda nan a jikin zare, inda aka yage.

"Sati uku da rasuwarshi na ga wannan," ta ce. "Na kama ɗiyar nan na doke ta, marainiya, ko arba'in ba a yi ba. Tana kuka tana cewa ba ita ta yaga ba, butarta ce da malama ta ba ta goma bisa goma, mi zai sa ta yaga. Ban yarda ba. Jiya na karanta butar a wayata."

Na rasa inda zan sa idona. Ta ci gaba da magana a hankali, kamar tana bitar darasi. Ta ce akwai gyara na biyar da ba ta tura ba. A labarina na mai da Ashraf azzalumi, Furera kuwa ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, wannan ba daidai ba ne. Ta ce a lokacin Bala ya shiga bin 'yan siyasa, yana sa ran in an ci za a ba shi wani abu, sai ya yi kwana uku huɗu ba ya gida. Ranar da aka yi hatsarin Fiddausi ta kwana da zazzaɓi, ta roƙe shi ya kai su asibiti kafin ya tafi, ya ce motoci na jiransa. Ita kuma ta ci kwalar rigar da ta goge da hannunta, ta ce in ya haifu ya sake ta. Ya shiga ɗaki ya ɗan jima, ya fito ya ce Allah ya huci zuciyarki, ya tafi. Shekara uku abin da take rayuwa a kansa ke nan: ta nema da bakinta, ya hana ta, ya mutu yana mijinta yana sonta.

Sai a nan muryarta ta karye.

"Saudatu, ni ba shari'a na kira ki ba. Tambaya ɗaya gare ni. In uku ne, to wata huɗu da kwana goma na zauna takabar wanda ba mijina ba. Abin da aka ba ni na gado, haƙƙin ɗiyata ne da na tsohuwarshi na ci. Kuma shekara uku ina roƙon Allah ya haɗa ni da mijina a can, alhali ya ida rabuwa da ni tun a nan. Tun jiya ko ruwa ya ƙi wuce mani. Uku ne?"

Kun ga inda na kai kaina. In na tsaya a kan ƙirƙira ce, na tsira da Asabar ɗina wataƙila, amma na bar matar nan da saki ukun da ni na ƙaga mata a ofishin malamai don mata su dafe ƙirji. In na ce ɗaya ne, to na amsa cewa akwai takarda, na amsa cewa Almu ne ya gaya mani, na amsa cewa rantsuwar da ya yi mata ƙarya ce. Na so in ce maku nan take na zaɓi gaskiya, amma ba haka aka yi ba. Na daɗe ina auna aurena da ranta, ina jin tsohuwar nan tana buga rariya a waje. Abin da ya karya ni hannunta ne, da na ga tana shafa inda aka yage a littafin.

"Ɗaya ne, Anti. Wallahi ɗaya ne. Ni na mai da shi uku."

Ta rufe ido. Ta ce alhamdulillahi, ta sake cewa alhamdulillahi, sai kuma ta ce, "Ashe dai ya rubuta." Daga nan ta kifa kanta a gwiwa. Ba irin kukan da nake rubuta wa Furera ba ne, mai ihu da birgima. Wannan ba shi da sauti, kafaɗunta kawai ke motsi. Na matsa zan dafa ta, ta ɗaga hannu ta tsai da ni, na koma na zauna.

Da ta ɗago ta mai da tabaranta. Ta ce ta gode da na faɗa, amma in yi haƙuri, hannun da ya iya mai da ɗaya uku don labari ya yi daɗi zai iya mai da uku ɗaya don ta yi shiru. Daga bakin Almu take so ta ji. Ta ce ba za ta kira shi yau ba, ta bar mani in gaya masa da kaina, wannan ne kaɗai alfarmar da za ta iya yi mani. Ta rako ni har zaure, don ita ko a wannan halin ba ta bar baƙo ya fita shi kaɗai ba.

Tun daga bakin layinmu na jiyo ƙamshin suya. Na shiga na tarar an kafa murhu biyu a tsakar gida, Mama da Gwaggo Rabi da maƙwabta biyu sun baje tabarmi, ana murza cincin ana tsoma dubulan a sukari, na tukwicin baƙin Asabar. Gwaggo ta ce ga amarya ta dawo fuska a kumbure, tun yanzu an fara kukan rabuwa da gida, kowa ya yi dariya. Mama ta dube ni da wani irin farin ciki da na daɗe ban gani a fuskarta ba, ta ce in je in watsa ruwa, Almu ya kira ya ce yana tafe bayan la'asar. Na shiga ɗaki na buɗe wayar na goge shafin, kamar gogewar za ta maido da wani abu.

Almu ya zo da fara'arsa, cikin yadi ruwan madara, yana warin maganin dabbobi da turare ya kasa dannewa. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya fara lissafa mani matan da za su zo, yana tsokanata wai in shirya, gwaggonninsa sun fi Gwaggo Rabi baki. Na katse shi. Na ce akwai abin da na yi, ya bari in kai ƙarshe kafin ya yi magana. Na gaya masa na ɗauki amanar da ya ba ni na sa a labari, takardar da butar da ashanar, duka. Ina faɗa fara'ar tana sauka daga fuskarsa, har ya zama kamar ranar da ya zo daga makabarta.

Ya dubi takalmansa ya ce, "Kin saki a gurup ɗin?"

"Ban saka ba."

"Mutum nawa suka karanta?"

"Ɗaya."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, har ya shafa fuska da hannu biyu. Ya ce to alhamdulillahi, abin ya zo da sauƙi, in goge shi, in roƙi ko wace ce ta yi shiru, sauran maganar tsakanina da shi ce, za mu yi ta a hankali. Wallahi ya riga ya fara yafe mani, na gani a idonsa. Sai ya tambaya, kamar abin da ba shi da muhimmanci, ko wace ce.

"Anti Suwaiba."

Bai yi ihu ba, bai zage ni ba. Na ida gaya masa sauran, har da ukun da na ƙara, da ɗayan da na amsa, da cewa daga bakinsa take jira ta ji. Lokacin saura kaɗan a kira magariba. Da ya buɗe baki muryarsa can ƙasa take.

"Da mi zan nuna mata ɗaya ne, Saudatu? Takardar na ƙone ta. Rantsuwa kuma na riga na yi mata sau ɗaya, kin nuna mata ta ƙarya ce. In na sake rantsewa, don mi za ta yarda?"

Ya miƙe ya sa takalmansa, ya ce Gobarau zai tafi. Na bi shi har bakin ƙofa, na ji bakina yana tambayar abin da bai kamata ya tambaya ba a wannan lokacin, na ce to Asabar fa? Ya tsaya riƙe da kan babur ɗinsa, bai waiwayo ba.

"Ki ce ma Mama ta sauke kaskon tukuna."

Na koma cikin gida. Mama na durƙushe gaban murhu, hayaƙi ya sa idonta hawaye tana dariya, ta ɗebo sabon cincin cike da faranti za ta juye a mai. Ta ɗago ta ce, "Har ya tafi? Ba ki kai mashi ya ɗanɗana ba?"

Na tsaya a kanta da saƙon Almu, ina kallon man yana tafasa. Ta juye farantin.